Sa Ya Gwada Ragar Fitilar Sadisu

Ina kutsawa da jif ɗina ta cikin shanu a kasuwar Wudil, sai na ji ƙau a baya. Gabana ya faɗi, don sau biyu ƙaho yana fasa min fitilar baya a nan.

Jiya tsohon ɗalibina Sadisu mai walda ya kafa mata ragar ƙarfe. Aikinsa na farko ke nan, direbobin garin Utai sun ce sai sun ga ƙarkonta za su kawo motocinsu.

Na sauko da sauri. Raga ta ɗan lotsa, fitila lafiya lau.

Na kira shi a waya: "Sadisu, sa ya duba aikinka."

"Malam, maki nawa ya ba ni?"

"Taho da tef ɗin awo, direbobi uku na jiranka."

Malamai 'yan'uwana, wane ɗalibi ya taɓa faranta muku haka?