Kuɗin Hayaƙin Jirgi

Hayaƙi in ya tashi sama, na wane ne? Har yau ban samu amsa ba, kuma wanda zai tanka mini yana kwance a ƙasa. Ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata in na yi kuka ta dakata, kada ta gyara mini zance.

A Minguettes muke zaune, bakin garin Lyon, a saman wani dogon bene. Malam, mijina, ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Tun yana da ƙarfi ya sa na yi masa alkawari cewa in ya riga ni, a sa shi a jirgi a mai da shi Damagaram, kusa da kabarin mahaifiyarsa. Na amsa, don a lokacin mutuwa tana da nisa.

Wata safiya rediyonsa ya ce ƙasashen Turai sun sa doka, kowane jirgi zai biya kuɗin hayaƙin da ya zuba a sama, wasu ƙasashe kuma sun ce ba su yarda a auna musu nasu ba. Ni ina riƙe da kaskon turaren wuta, ga ƙaramar na'urar nan ta saman ɗaki mai ihu in ta ji hayaƙi. Malam ya dube ni ya ce in rage turaren, kafin su zo su auna ni kamar jirgi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ni ban yi dariya ba. A garinmu, in manya suka yi rigima kan hanya, motoci ne ke tsayawa. Sai na ɗauka jirage ma za su tsaya, ga Malam yana ramewa, ga alkawari a wuyana. Abinci ya daina shiga mini. Ban faɗa wa kowa ba, sai wata ƙawata ta unguwar Belleville a Paris da na kira a waya, ita kuwa ta ƙara mini, wai ta ji za a rufe sama gaba ɗaya.

Da aka kwantar da shi a gidan likita, 'yata ta hau jirgin ƙasa daga Paris, inda take aiki. A bakin ƙofar ɗakin da yake kwance na riƙe hannunta na tambaye ta yaushe za a rufe saman. Ta daɗe ba ta gane ni ba. Da ta gane, sai ta zaunar da ni ta ce gardama ce ta takarda, wa zai biya, wa ba zai biya ba, jirage kuwa suna ta tashi kullum. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini tulu daga kai. Ranar na ci tuwo.

Ashe Malam yana jin mu. Ya ce shi ya sa na lalace haka, shi da ke ciwo har ya fi ni kyan gani. Ya tambayi 'yata ko gaskiya ne akwai gefen Musulmi a maƙabartar garin nan. Ta ce akwai, bas ma yana zuwa. 

Can yake yanzu. Kowace Juma'a ina hawa bas ɗin, in tsaya daga gefensa in yi masa addu'a, in yi kukana. Da an kai shi gida, da ƙafafun nan nawa ba su kai ni ba.

Kafin numfashi ya yi masa wuya, ya jawo bakin mayafina ya ce:

"Uwar yara, na warware alkawarin nan. Ki ajiye ni inda bas zai kawo ki. Jirgi ya je ya yi hayaƙinsa ba da ni ba, naki na turare ya ishe ni."