Biza ta Wata Ɗaya, Jego na Kwana Arba'in

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da ƙanina da zai kai ni filin jirgin Kano. Tun a ƙofar gida muka fara musu, wai kayana sun yi yawa. Me na ɗauka? Surfaffen gero, kanwa, daddawa, yajin jego, busasshen ganyen darbejiya, sai ɗan kilishi. Ya ce, "Yaya, Masar fa za ki, ba daji ba." Na ce ya ja mota kawai, tunda shi bai taɓa yi wa kowa wankan jego ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, 'yata ce ke aure a Alƙahira, mijinta ɗalibi ne a can. Kada ku tambaye ni sunanta, 'yar fari ce, ban taɓa kiransa da bakina ba. Cikin fari ne, likita kuma ya hana ta hawa jirgi, balle ta zo wankan gida yadda aka saba. To tunda ita ba za ta zo ba, ni sai in je. Na yi wa 'ya'yan maƙwabta wanka sun fi a ƙirga, ba zan zauna tawa ta yi jego a hannun waɗanda ba su san kunun kanwa ba.

Muka bi ta Gwarzo, muka karya da ƙosai mai zafi a bakin hanya. A filin jirgi sikeli ya goyi bayan ƙanina, dole na rage gero mudu biyu, yana ta dariya. Daga sama ba abin da na gani sai rairayi, har na gaji na yi gyangyaɗi. Da na farka sai ga kogi da kore a gefensa, ga gidaje ruwan ƙasa cunkus har iyakar ganina.

Surukina ne ya zo tarbata. Bawan Allah, a tsakiyar jama'a ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, Larabawa suna ta kallonmu. Na ja mayafi na amsa a taƙaice. A tasi ya zauna gaba, ni baya, direba ne kaɗai ke magana, shi da hon ɗinsa. Jama'a, na san tuƙin Kano, amma na Alƙahira daban ne. Mota na gogar mota, ba mai zagi, sai dai a ɗaga hannu a ce ma'alish, wato yi haƙuri, kowa ya wuce.

Suna zaune a Hayyin Ashir, hawa na huɗu, babu lifta. Unguwa ce cike da baƙar fata, 'yan Sudan, 'yan Nijar, namu na gida. A shagon ƙasan benen ma Hausa na yi ciniki. Kullum da safe masu keke na wucewa da faranti na katako a ka, an jera gurasa har sama, hannu ɗaya a kan keke. Gurasar nan arha kamar kyauta, nama kuwa sai ka yi bismilla kafin ka tambayi kilo. Na ci wakensu da ake kira ful, na yaba. Na ci ta'amiya, wadda ƙosai ce da ta ji ganye. Koshari ne dai ban gane masa ba: shinkafa, taliya, makaroni da wake duk a kwano ɗaya, kamar an share kicin.

Kwanana goma da sauka, ranar Juma'a, ta haifi namiji. Na kama aiki. Babu murhu, babu tukunyar ƙarfe, sai gas da babbar tukunyar da maƙwabciyarmu ta ara mana. Wannan maƙwabciya Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta suka fito daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka suka yada zango a hanya. Hausarta da Larabci a cakuɗe take, amma mun fahimci juna tsaf. Safe da yamma ina tafasa ruwa da darbejiya, in gasa mai jego, in dama kunu, in yi wa jariri wanka. Aka yi suna lafiya, ɗalibai suka cika falo, shinkafa ta ƙare tas.

Bayan suna da kwana biyu surukina ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ta wurin matarsa ya aiko da maganar: ya duba fasfona, bizata ta wata ɗaya ce. Ni wallahi ban taɓa buɗe shafin ba, ƙanina ne ya yi komai. Na lissafa da yatsu. Ranar da za ta ƙare, jariri na da kwana ashirin, saura ashirin cif a yi arba'in. Ya ce ana iya tsawaita zama, su iƙama suke ce mata, amma sai an nema kafin kwanakin su cika. In suka wuce akwai tara, kuma ba ya so sunana ya shiga cikin masu saɓa doka. In ba a samu ba, sai in bi jirgin da tikitina ya nuna. Na kalli 'yata. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaro hula. Ranar ko kunun da na dama ban iya sha ba.

Mako guda muka yi muna haɗa takardu. Ana son hotuna, da kwafin fasfo, da takardar hayar gidan da kake zaune mai hatimi. Kuɗin iƙamar kuma ba haka kawai za ka miƙa ba, sai ka nuna rasit na banki cewa dalarka ka canza. Ni kuwa tun washegarin zuwana na canza rabin guzurina a wurin wani ɗan kasuwa ɗan Nijar, mutumin kirki, har shayi ya ba ni, amma rasit ɗinsa Allah ya sa albarka ne. Dole muka kai sauran banki. Ba zan rubuta muku adadin ba, don wata da ta riga ni da 'yan watanni ta ce ba haka ta biya ba. Mai niyyar zuwa ya tambaya a lokacinsa.

Aka sa ranar Lahadi, don a can ranar aiki ce. Biza kuma ranar Alhamis za ta ƙare. To a nan ne na tafka tawa. Da na ji an ce za a ɗauke ni hoto a ofis, ga manyan ma'aikata, sai na dubi hannuna, lallen suna duk ya koɗe. Haba, ni da na yi shekara talatin ina koyarwa, in shiga ofishin gwamnatin wata ƙasa da hannu fari fat? Ranar Asabar na haura wurin maƙwabciya. Ta zauna ta yi mini baƙin lalle irin na Sudan, ta rufe kan yatsuna goma baƙi ƙirin, har sheƙi suke. Na sauko ina ta juya hannu. 'Yata ta ce, "Umma, ya yi kyau." Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Muka fita da sassafe a ƙaramar bas ta haya. Kuɗin mota daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ko sisi ba ya ɓata. Ofishin babba ne, kowace ƙasa ta duniya da mutanenta a ciki. Ka ɗauki lamba, ka zauna, ka jira allo ya kira ka. Awa uku ni da surukina a benci ɗaya, da tazarar mutum biyu a tsakaninmu. Ya sayo mini shayi, ya rasa yadda zai miƙo, sai ya ajiye a tsakiya ya kau da kai.

Takardu suka wuce lafiya, aka biya, aka ɗauki hoto. Sai wata ma'aikaciya mai tabarau ta nuna mini wani ɗan gilashi ta ce in ɗora yatsu. Na ɗora, na'ura ta nuna ja. Ta goge gilashin, na sake, ja. Ta kamo hannuna ta juya, ta daɗe tana kallo, ta kira ta kusa da ita, su biyu suka yaba zanen. Sannan ta ce, "Ma'alish ya Hajja," ta yi wa surukina bayani. Na'ura ba ta ganin zanen yatsa ta cikin baƙin lalle. In dawo in ya goge. Na ce ya tambaye ta ko za a karɓi na ƙafa. Bai fassara ba.

A hanyar dawowa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da kowa nake ba sai da kaina. Tsofai-tsofai da ni, kwalliya za ta raba ni da abin da ya kawo ni. Irin wannan lallen yana yin mako biyu, ni kuwa kwana huɗu gare ni.

Maƙwabciya ta zo har da salati. Muka gwada lemun tsami da gishiri, muka gwada kanwa, ba wani canji. Sai ta ce, "Hajiya, khalas, ya isa haka, bar wahalar da kanki. Ba abin da ke cin lalle irin wanki." Nan take na sa aka kashe injin wanki. Na fara da kayan jariri, na bi da zannuwan gado, na sauke labulayen da ba su yi datti ba. Da kayan gidan suka ƙare maƙwabciya ta kawo nata, ta faɗa wa ta sama ita ma ta aiko. Surukina ya dawo daga karatu ya tarar da jallabiyoyinsa a kan igiya, ya gane wadda ta wanke, ya kasa cin abincin rana a gidan. Ga ruwan zafin wanka safe da yamma, da hannu nake tsoma ganye. Talata baƙin ya koma ruwan ƙasa. Laraba ya koma ja-ja, fatar yatsuna ta fara saɓulewa. 'Yata ta ce in huta haka nan. Na ce ta kula da ɗanta.

Ranar Alhamis na bar akwatina a ɗaure a bakin ƙofa, don ban san da wace amsa zan dawo ba. Allah ya sa ma'aikaciyar nan ce dai. Tana ganina ta yi dariya ta ce in kawo hannu. Na ɗora, ja. Ta duba yatsun, sun bushe ƙamas saboda sabulu. Sai ta nuna mini da hannunta, in goga su a goshina. Dama gumi nake yi sharkaf. Na goga, na yi bismilla, na ɗora. Kore! Ɗaya bayan ɗaya har goma. Ta ce, "Tamam," wato ya yi. Ban san lokacin da na juya na ce wa surukina, "Malam, ka gani ko?" ba. Ita ce doguwar maganar da na taɓa yi masa.

Bayan 'yan kwanaki muka koma muka karɓi katin iƙama, aka ɗaga tikiti. Sauran zaman daɗi ne zalla. Mai jego ta murmure, yaro ya yi kumatu. Da aka yi arba'in muka fita yawo. Muka shiga jirgin ƙasa, taragon mata zalla, zuwa Ainu Shams gaida matan ɗalibai 'yan Nijar, suka cika mu da dambu da addu'a. Muka bi ta Mohandessin, inda shaguna ke da gilashi da farashin da ba a tayawa, na sayi man shafawa ɗaya don kada a ce ban saya ba. Da la'asar muka hau kwalekwale a kogin Nilu, iska na kaɗawa, ina rungume da jikana. Dalar Fir'auna daga nesa na hango ta, na ce ta ishe ni haka, gwiwata ta riga ta sha bene.

Ana gobe zan taho, da hantsi, 'yata ta shigo da ɗan kwano. Jan lalle ne na gida, ta kwaɓa da kanta. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Umma, kawo hannunki. Yanzu ba mai neman yatsunki." Ta riƙe su tana kallon inda suka tsattsage, ta shafa musu mai, sannan ta fara ƙunsawa. Tun da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta, ban tuna ranar da muka zauna hannuna a cikin nata haka ba. Ta ce, "Ranar da kuka tafi kuka bar akwati a ɗaure a bakin ƙofa, ban iya shiga falo ba." Na so in ce mata ta daina shirme. Kuka ya riga ni.

Ƙanina ya tarbe ni a Kano, muka iso Funtuwa bayan la'asar, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Abin da na koyo kaɗan ne. Ka buɗe fasfonka da kanka ka karanta kwanakin da aka ba ka. Ka canza kuɗi inda ake ba da rasit. Ke kuma 'yar'uwa, in za ki ofishin iƙama, ki bar lalle sai kin dawo. Su ƙa'idarsu wata ɗaya ce, tamu kwana arba'in, kuma da haƙuri duka biyun sun samu wuri.

Yau sati uku da dawowata. Lallen ya bar fata, saura a farce, kullum yana matsawa gaba. Jiya mai ƙunshin unguwarmu ta leƙo ta ce in zo ta sabunta mini, akwai biki. Na ce ta bari tukuna, wannan ɗin bai gama fita ba.