Ɗanmalam da Akwatin da Aka Ce Yana Buɗe Kunne

A gidan suna na fara jin maganar. Wata mata tana raba goro tana rantsuwa cewa a garin Gidan Rumji akwai mai gyaran rediyo da ke buɗe kunnen kurma. Wai yana da akwati mai wuta a ciki, in ya ɗora maka wayarsa a kai, ko yaushe rabonka da jin carar zakara, za ka tashi kana jin tafiyar tururuwa. Wata ta ce ai ba akwati ba ne, aljani ne a cikin kwalba, ita da kanta ta ga idonsa jajawur. Na tambaye ta ko ta san kurma ɗaya da ya warke, da sunansa da garinsu. Ta ce, "Ke dai Madam, komi sai an kawo miki shaida." Gaskiyarta. Na tsufa ina koyar da ƴaƴan mutane a lakol, ban taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa ba. Sai na ɗauki sandata na tafi in gani.

Rumfar mai gyaran, Ɗanmalam, tana bayan layin masu gero a kasuwa. Da hantsi yake buɗe ta. Yakan share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya rataye wani ɓallen madubin babur a jikin dirka, sannan ya duba ko akwai kuran, wato wutar lantarki. In akwai, ya jona abin narka dalma. In babu, ya zauna warware rediyoyin da suka kwana, yana hure musu ƙura da bakinsa. Yawancin aikinsa ke nan: rediyon manoma, fitilun caji, ampili mai ƙara murya na masallatai. Ladan Rashidu ya gaya mini cewa tun yana saurayi, bai taɓa kiran sallar Juma'a da maƙogwaronsa kaɗai ba, domin duk ranar Alhamis Ɗanmalam yakan biyo ya gwada ampilin ba tare da an aika masa ba. Yanzu hannun Ɗanmalam ya fara rawa, idonsa ya rage. Ya ce in an gama girbin bana zai rufe rumfar. Shi ya sa nake wannan rubutu tun yana jin abin da ake faɗa a kansa.

Akwatin da ake ta magana a kai yana can ƙuryar teburi, an lulluɓe shi da tsohon zane. Shi ya haɗa abinsa daga gawar irin rediyon nan da muka gani a gidajen ma'aikata muna yara, wadda sai ta yi ɗumi take magana. A samansa akwai ƙwan gilashi, bai fi babban yatsa ba, wanda in an kunna sai cikinsa ya yi ja kamar garwashi. Idon aljanin ke nan. Akwatin ba shi da lasifika, sai kask, wato abin sauraren da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa biyu. Ana jona masa kaset, ko rediyo, ko waya. Ƙwayayen kuwa, Ɗanmalam ya daɗe yana tsinto su daga matattun rediyoyi a kasuwannin Maradi da Cadawa da Gazawa, yana naɗe kowanne a auduga cikin gwangwanin madara. Ya ce in ya cire wannan ya sa wancan, murya takan sauya: wani ya yi mata kauri, wani ya yi mata kaifi.

Na ce masa ban yarda ba. Bai ji haushi ba. Ya ce, "To Madam, zauna ki ba ni baya."

Na ba shi baya, ya sa mini karatun wani alaramma, yana sauya ƙwai ina saurare. Aiki ne na haƙuri. Sai ya kashe, ya jira ƙwan ya huce, domin yana ƙuna kuma wutar cikin akwatin ba ta wasa ba ce, sannan ya jijjiga shi a hankali ya zare, ya sa wani, a sake jira ya yi ɗumi. Abin da kunnena ya gaya mini shi zan faɗa. Akwai ƙwai ɗaya da ya fito da muryar siririya, kowane harafi a tsaye. Akwai wani mai ɗan gurnani a ƙasa. Sauran, wallahi, da wannan da wancan duk ɗaya na ji su.

A rumfar akwai ƴan majalisa da ba su da aiki sai musun ƙwai. Shugabansu Dogo, tsohon direban babbar mota, ya rantse babu kamar wani ƙwai da suke kira ɗan Rasha. Na raɗa wa Ɗanmalam wata shawara, ya yi dariya ya yarda. Aka zaunar da Dogo ya ba da baya, aka sa masa ƙwan nan mai siririyar murya, ya yamutsa fuska ya ce, "Wanga ai muryar zabuwa ce, cire shi." Ɗanmalam ya cire, ya ƙwanƙwasa gwangwani, ya mayar da shi ɗin dai. Dogo ya lumshe ido yana kaɗa kai. "Yauwa! Ka ji ɗan Rasha. Ko cikin barci na san shi."

Majalisa ta kwashe da dariya. Dogo ya ce an haɗa baki da malamar lakol an ci mutuncinsa, kuma shi kunnen direba gare shi, injin mota ya cinye rabi. Na ɗauka na gama bincike. Na ce wa Ɗanmalam, "Ka gani? Mutane abin da suke so su ji suke ji." Ya ce, "Haka ne, Madam. Shi ya sa ni ba ni tambayar mutum ko ya ji." Ban bi maganar ba a ranar. Sai da na kawo Tchima.

Tchima ƙawata ce tun muna ƴan mata a wani ƙauye kusa da Cadakori. Ni aka kai lakol, ita aka bar ta ga gona. Kakanninta masu raƙuma ne daga arewa, amma ita gero da wake ta sani. Kunnenta ya daɗe yana toshewa. Ɗanta na fari, Falalu, yana Libiya neman abinci shekaru da dama, kuma yakan aiko saƙon murya a wayar ƙanwarsa Sumaiya. Sumaiya takan kanga wa uwar wayar a kunne, in ya ƙare ta ce, "Inna, kin ji?" Tchima ta ce, "Na ji, madalla," ta koma ga tsintar wakenta.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, balle ta ce a maimaita mata maganarsa. Ana ce mana wannan tarbiyya ce, kuma na daɗe ina da ja a kai. Gidan Tchima kowa ya ɗauki "na ji" ɗinta da gaske. Ni ma haka, har ranar da muna zaune a gindin rumbu ta ce mini, ba ta dube ni ba, "Halima, in mutum ya mutu can arewa, can aka binne shi ko? Ba a kawo shi gida?"

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ta ce, "Tambaya dai na yi. Na ga yara yanzu sun iya ɓoye ma tsoho magana."

A nan na gane. Tun da daɗewa abin da take ji a wayar bai wuce kukan sauro a cikin tulu ba. Ta ƙudurta a ranta cewa yaron ya mutu, ana kanga mata muryar wani don a lallashe ta. Ba ta iya tambaya, tana ta ramewa, ana cewa tsufa ne. Na ɗaga murya na rantse mata yana raye. Ta ce, "To," irin "to" ɗin da ake ce wa mai gaisuwar mutuwa.

Ranar kasuwa na ce ta raka ni Gidan Rumji, ƙafata ba ta yarda in tafi ni kaɗai. Sumaiya ta biyo mu da wayar. Na riga na gaya wa Ɗanmalam komai. Da muka isa ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Yaya, ki taimake ni. Na gyara akwatin ga, ina son kunnen babba ya gwada mini shi." Bai ambaci Falalu ba. Ya ɗora mata kask a kan kallabi, ya gyara shi ya zauna sosai, ya kori ƴan majalisa zuwa wajen mai shayi. Shi kuma ya juya mata baya yana fuskantar teburinsa, kamar ba ruwansa. Sai a lokacin na ga amfanin madubin babur ɗin nan. Ta cikinsa yake kallon bakinta.

Ya saki saƙon da ƙwai na farko. Tchima ta zauna shiru har ya ƙare, ta ce, "Madalla, Malam, aikinka ya yi. Na ji." Sumaiya ta yi murmushi za ta miƙe. Ɗanmalam ya girgiza mata kai. Ya kashe akwatin, yana jiran ƙwan ya huce yana ba mu labarin tsadar taki. Ya sa wani. Wannan karon Tchima ta ɗan karkata kai, ta ce akwai abin da ke gurnani kamar injin niƙa. Ya sake kashewa. Ya tona gwangwani har ƙasa, ya fito da siririn nan mai kaifi, wanda Dogo ya fara zagi da muryar zabuwa. Ya lura da gefen da take karkatawa, sai ya mayar da ƙarfin muryar kunnen dama. Muka jira cikin ƙwan ya yi ja.

Ni ba na jin abin da ke cikin kask, amma na san saƙon, Sumaiya ta sa mini shi a mota. Da sallama ya fara. Sai kawai muka ji Tchima, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, ta ce, "Amin, alaikumus salam!" Mai gero na maƙwabta har ya waiwayo. Ta ce, "Lahiya lau." Ta ɗan saurara. "Gajiya da sauƙi." Bakinta yana amsa gaisuwar tun kafin kunya ta tare shi.

Ma'aunin Ɗanmalam ke nan. Mutumin ƙasar nan zai ce maka ya ji don kada ya kunyata ka, amma ba zai ji sallama ya bar ta ta faɗi ƙasa ba.

A cikin saƙon Falalu ya yi mata jajen bangon ɗakinta da ruwan makon jiya ya kayar, ya ce kada a bari ta ɗauki laka da kanta. Na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma. Matacce ba ya sanin ruwan makon jiya. Saƙon ya ƙare. Sannan ta gyara zama ta ce, "Har yanzu bai bar saurin magana ba." Ta share fuska da gefen mayafi, wai zafin rumfa. Ta ce, "Malam, akwatin ga naka bai hito da ƙarshen da kyau ba. Maida shi baya."

Ɗanmalam ya ce, "Laihin akwati ne, Yaya. Sai kin yi haƙuri da shi."

Ya mayar. Ta sake samun akwatin da laifi, ya sake mayarwa. Har aka kira azahar akwatin nan bai gyaru ba, kuma bai nuna ya gaji ba ko sau ɗaya. Da za mu tafi ya ce wa Sumaiya ta kai ta wajen likitan kunne a Maradi, kada su tsaya ga rumfarsa. Na bincika daga baya: duk wanda ya zo masa da ciwon kunne haka yake gaya masa, sai dai masu baza labari ba su ɗaukar wannan ɓangaren.

Ɗanmalam, kai ne ka tsinci abin da aka zubar a bola ka naɗe shi a auduga. Kai ne ka san "na ji" ɗin tsoho ba koyaushe take nufin ji ba, ka nemo hanyar ganewa ba tare da ka tsirara shi ba. Ka juya wa ƙawata baya don ta samu wurin yin kukanta, ka bar akwatinka ya ɗauki laifi. Na gode, Ɗanmalam na bayan masu gero. Allah ya ba hannunka sauƙi, ya sa ka ji kira mai daɗi ranar da kowa zai ji nasa.

Ku kuma masu gyaran waya da kuka cika bakin tasha, ku je ku zauna a rumfar nan kafin girbi. Ƙwayayen gilashi za su ƙare, ba a damu ba. Ku koyi inda ake rataye madubi. Masu tsofaffi a gida, in kun kanga musu waya, ku dubi bakinsu.

Sumaiya ta kai uwarta Maradi. Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama da saura. Babu aljani a cikin kwalba. Ɗanmalam bai taɓa warkar da kurma ba, bai kuma taɓa cewa ya warkar ba. Sauya ƙwai yana sauya murya kaɗan, a wasu ƙwayayen ban ji bambanci ba sam. Tchima har yau ba ta jin carar zakara. Duk ranar kasuwa tana zuwa gwada wa Ɗanmalam akwati, kuma ta san ɗanta yana raye.