Zabuwar da ke jikin buhuna

Da kakar bana shekara tara ke nan da aka fitar da maigidana daga ɗakin nan da nake zaune. Lokacin yankan shinkafa ne kamar yanzu, gari ya watse gona, sai da aka bi mutane bakin kanal ana sanar da su jana'iza. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Rabi ce ke riƙe da biro ina faɗa mata. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in na tsaya kuka ta jira ni. Sunansa kuwa ba zan faɗa ba, ban taɓa kiransa ba yana raye, ba zan fara yanzu a jarida ba. Mutanen Kura Malam Mai Fenti suke ce masa.

Sana'arsa rubutun allon shago. Mai injin casa, mai sayar da taki da iri, tela, mai shayi, duk wanda ya buɗe wani abu a bakin titi yana son a san da shi, wurin Malam yake zuwa. Kullum hannunsa warin kananzir yake, rigunansa kuwa na gaji da wanke su na bar musu launinsu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, babu allon da ya bar gidan nan sai ya bi ta gabana. In ya gama, sai ya jingina shi a bangon can na ƙarshen tsakar gida, ya sa ni tsayawa a ƙofar ɗaki, ya ce, "'Yar Bunkure, me ake sayarwa a nan?" Haka yake kirana, don daga can aka kawo ni. In na faɗa daidai, allo ya tafi. In na yi shiru ina ƙifta ido, ya ɗauko farin fenti ya shafe ya sake.

Akwai ranar da ya zana wa wani mai gyaran injin ban ruwa. Na duba, na sake dubawa, na ce mai shayi ne. Ya ce, "Haba baiwar Allah, ina kika ga shayi?" Na ce to ga buta nan har da hanci. Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi, ya ce wato da manoma za su zo da kofi ke nan. Ya shafe, ya ƙara tiyo da ruwa yana zuba a kunya, na gane.

Ba wasa yake da ni ba. Ya sha faɗa wa masu kawo aiki cewa da yawan masu wucewa ta ƙofarsu ba sa karatu, waɗanda ke karatun ma a kan babur suke, ba su da lokacin tsayawa. Mai shago zai zo yana son a jera duk abin da ke cikin shagonsa, da sunan mahaifinsa, da addu'a a ƙasa. Malam ya ce masa ya zaɓi abu ɗaya. Abu ɗaya babba, launi biyu, suna gajere, in kuma an saba da kai a haka kada ka canza don ka ga na maƙwabci ya fi ƙyalli. Wasu su ji, wasu su yi fushi su tafi da katakonsu.

Ni tawa sana'ar gumin shinkafa ce, kamar yawancin matan unguwarmu. A sayo shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a jiƙa, a turara, a shanya, a kai inji, sannan a zauna da faifai ana tsince tsakuwa. Wajen tsintar nan ban yarda kowa ta fi ni haƙuri ba. Amma in an kai kasuwa, buhuna da na wadda ta yi aikin gaggawa duk ɗaya ne, tsofaffin buhunan taki da na sukari da aka wanke. Wanda ya saya ya ji daɗi, in ya dawo ba ya iya cewa ga wadda yake nema. Na yi wa Malam ƙorafi har ya gaji da ji.

Wata rana ya samo yankin kwanon rufi, ya bubbuga shi ya miƙe, ya zauna a zaure da ƙusa da guduma yana huda shi. Da yamma ya ɗora shi kan buhu, ya goga shuɗin fenti, ya ɗaga. Ya jingina buhun a bangon nan, ya yi mini tambayarsa. Na ce zabuwa ce. Ya ce saura dalili. Ɗige-ɗigen jikinta, in ji shi, kamar ƙwayar shinkafa suke, sannan babu tsuntsun da ya kai ta surutu, kuma ya san wata 'yar Bunkure mai irin halin. Na jefe shi da mafici. Bai yi mata ido ba, don ya taɓa tambayar liman ya ce masa zanen abu mai rai akwai magana a kansa, sai ya bar ta inuwa kawai da ɗige-ɗige.

Sharaɗi ɗaya ya sa mini. Ya ce zabuwar nan alkawari ce, ranar da abin da ke ciki bai kai ba, buhu ya fita fari. Akwai daminar da ruwa ya riski shanyata, shinkafar ta yi duhu ta kakkarye. Na ce ai sau ɗaya ne, a buga mata zabuwar. Ya ɗauke kwanon ya rataye a ƙusa. Muka sayar da ita ba alama, da arha. Na yi kwanaki ina kai masa tuwo ba na zama. Amma daga baya dillalai a kasuwa suka daina tambayar ko ta wace ce, sai dai a ce, akwai mai zabuwa? Har daga Madobi da Kano ake aiko direbobi da wannan sunan.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai jima ba. Allah ya jiƙansa, ya sa haske a kabarinsa. Bayan na fita takaba, babban ɗanmu, wanda muke ce wa Ɗanlami, ya karɓi ragamar. Yaro ne mai himma, ban da abin faɗa a kansa sai alheri. Ya haɗa matan unguwa suna guma masa, ya sayi ƙaramin inji mai fitar da tsakuwa. Ni aikina ya koma buga zabuwa. Da safe in ɗauko kwanon Malam, in bi buhuna ɗaya bayan ɗaya. Warin fentin nan ne ya riƙe ni a shekarun farko, in na shaƙe shi sai in ji kamar yana zaure.

Sai abin da Malam bai hango ba ya same mu. Buhu ba ya mutuwa da ƙarewar shinkafarsa. Wasu suka riƙa bin gidaje suna sayen buhunanmu da aka juye, su cika su da shinkafar da ba a tsince ba, su ɗinke. Wani ma ya yanko nasa kwanon ya huda tasa zabuwar, mai gajeren wuya. Wata mata ta zo har ƙofar gidan nan da tsakuwa cike da tafin hannunta, ta ce a cikin tuwon sunan jikanta aka tsinto su, baƙi suna ci suna tofarwa. Na rantse mata ba tamu ba ce. Ta nuna mini buhun. Bugun hannuna ne a jiki.

Bara Ɗanlami ya shigo ya durƙusa nan inda Rabi take zaune. Ya ce ya je Kano wurin wata mai tsara tambari a kwamfuta, ta tsara masa sabon buhu da ake liƙe bakinsa da inji, in an farke ba ya sake rufuwa. Ya nuna mini a waya. Kore da ruwan zinari, da hoton shinkafa a faranti, da rubutu manya da ƙanana, da lambar waya. Na ce yana da kyau, ina zabuwar? Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Inna, wallahi na sa ta gwada. Ta sa ta a tsakiya, ta sa ta a gefe. Muka nuna wa masu kanti a birni, sai su ce abincin kaji ne?" Ya ce mutanen can ba su san mu ba, tsuntsu a jikin buhu wani abu yake gaya musu daban. Ya ce amma in ban yarda ba, ba zai cire ba, ko da za a rasa kasuwar birnin.

Na ce ya ba ni lokaci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yarinyar nan mai kwamfuta da ban taɓa gani ba aikin Malam ta yi. Tamkar ta jingina allo a bango ne, ta tambayi wanda bai sani ba me ya gani, ta kuma yarda da amsar. Da yana nan, na san zai ɗauko farin fenti. Amma kuma shi ne ya ce in an saba da kai kada ka canza. Na yi ta juya maganganunsa biyu a raina, babu wanda zan tambaya wacce ta fi nauyi. A ƙarshe na dubi matan da ke ci daga tukwanen nan, da 'ya'yan Ɗanlami, na kira shi na ce ya cire, Allah ya sa albarka. Ya yi kuka, ni ban yi ba sai da ya fita.

Albarkar kuwa an samu, ba zan ɓoye ba. Motoci suna zuwa, ba a sake kawo mana tsakuwa ƙofar gida ba. Sai dai watannin baya Rabi ta kai ni asibiti duba ido, muka biyo ta kasuwa. Ta tsaya sayen albasa, ni na ƙarasa wani shago da aka jera buhuna masu ƙyalli, kore da ja da ruwan zinari, duk da faranti, duk da rubutu. Akwai wanda aka buɗe ana aunawa. Na ɗebo a hannu, na ga gumin ya yi, babu ƙura, babu tsakuwa. Na ce wa mai shagon wannan ta wane gida ce haka? Ya ce, "Iya, ai ita ce mai zabuwa, buhu kawai aka canza. Wata tsohuwa ce ta fara ta, ban sani ba ko tana raye." Na ce Allah sarki. Na mayar masa da ƙwayoyinsa na fito. Shinkafar gidana a gabana, amma ban gane ta ba.

Ina yawan tunanin me zai ce in ya ga titin Kura yau. Allunansa sun kusa ƙarewa, an maye su da waɗanda inji ke bugawa a leda, cike da hotuna da rubutu, rana ta cinye su kafin damina biyu. In adaidaita ta bi da ni, ban san wane shago ne na magani ba, wane ne na waya. Ina jin zai yi sha'awar injin, don mutum ne mai son sabon abu. Amma zai tambayi masu shagunan wa suka nuna wa kafin su rataye. Ku masu ƙananan sana'a da za a karanta wa wannan, abin da na gada daga gare shi ke nan, ba ni da wani. Kafin ku biya kuɗin allo ko buhu, ku nemi irina a gidanku, ku tsayar da ita nesa, ku ji me za ta ce. Kuma in kun sa alama, kada ku sa ta a kan abin da za ku ji kunyarsa.

Me ya rage na Malam? Sunan ya rage a bakin 'yan kasuwa, ana kiran tsuntsuwar da ba ta jikin buhu, kuma na san wata rana masu kiran za su ƙare, yaransu su kira sunan da ke rubuce. Ya rage a hannun Ɗanlami, wanda har yau in gumi bai yi ba yake sa a zuba a farin buhu. Wannan na fi ba shi nauyi a kan sauran. Sai kwanon, yana nan a ƙusarsa.

Duk kaka nakan guma buhu ɗaya da hannuna, in tsince, in buga masa zabuwa, a raba sadaka ladan ya kai gare shi. Na bana jiya na buga. Tsatsa ta ci kwanon, ramukan sun fara haɗewa. Na sa aka jingina mini buhun a bangon can, na dogara sandata na zo ƙofar ɗaki na tsaya inda na saba. Idona bai nuna mini komai ba sai shuɗin tabo. Na jima a tsaye, babu wanda ya tambaye ni. Sai na ce, "Zabuwa ce, Malam."