Ƙananan Rubutun Kwamfutar Surukina

A shekarun nan da gwamnatin Ingila ta ɗauki wuƙa tana yankan komai, ni ma yankan ya biyo ta kaina. Shara nake yi a wasu ofisoshi a Manchester, kamfaninmu ya rasa kwangila, aka tara mu aka ce an gode. Na dawo gida na zauna. Mutum ya haura arba'in, karatunsa bai wuce firamare ba, gwiwa tana ƙara in zai tashi daga sujada, ina zai nufa? Abu ɗaya na iya da gaske, tuƙi. Tun ina gida nake jan mota. Sai na ce bari in nemi lasin tasi.

To a nan ba a ba ka lasin don ka iya juya sitiyari. Sai ka zauna jarrabawa a council, wato ƙaramar hukuma, kuma a kan kwamfuta: sunayen tituna, dokokin ɗaukar fasinja, yadda ake shigar da mai keken guragu. Tambayoyin gwaji duk suna intanet, ni kuwa ba ni da kwamfuta. An riga an ba ni rana, in na faɗi kuma sai na sake bin layi mai tsawo, ni kuwa zaman gida ya kai mini iya wuya. Da laburaren unguwarmu zan riƙa zuwa, amma shi ma yankan ya same shi, an garƙame da kwaɗo.

Labari ya kai kunnen surukina, mahaifin mai ɗakina. Injiniya ne mai ritaya, yana zaune a Perry Barr a Birmingham, ya zo ƙasar nan tun yana saurayi. Aikinsa a tsufa shi ne tsintar kwamfutocin da mutane suka yar, ya farke cikinsu, ya tashe su. Ya aiko mini da guda, har da allonta da kibod da maus, an naɗe su cikin tsohon bargo.

Baba mutum ne da ba ya son tarkace. Falonsa kujeru ne da darduma, shi ke nan. Haka ya yi wa kwamfutar. Da na kunna, sai na ga fili toka-toka, babu hoto, babu 'yan akwatunan nan da ake dannawa, kamar ɗakin da masu haya suka kwashe kaya. In ka danna maus ta dama, sai wasu 'yan kalmomi su fito. Sauri kam tana da shi, kafin ka gyara zama ta buɗe. Amma rubutun, Allah ya sani, kamar kashin ƙuda a jikin gilashi. Idona na nesa lafiya lau, ina hango lambar bas tun daga kwana. Kusa ne ya fara yi mini gardama.

Na sayo tabarau na shagon fam ɗaya, na saka, kaina ya hau sara. Na sayo gilashin nan mai mariƙi da ake duba abu da shi, sai ya zama hannu ɗaya maus, hannu ɗaya gilashi, in ga kalma biyu in nemi ta uku in rasa. Daga baya na koma ɗaukar hoton allon da waya, in buɗa da yatsu in karanta, in koma in danna amsa. Tambaya ɗaya tana cinye mini lokacin da za a dafa shinkafa.

Mai ɗakina ta dawo daga aiki, tana kula da tsofaffi ne a wani gida, ta tarar da hancina ya kusa taɓa allon.

Ta ce, "Maigida, karantawa kake yi ko shinshinawa?"

Na ce, "Ki bar ni."

"Tashi in gani."

Ta zauna ta yi ta dannawa. A wurin aikinsu akwai inda ake shiga a ƙara girman rubutu, a nan ta neme shi sama da ƙasa babu. Ta ce, "Wannan aikin Baba ne, ya kwashe komai. Kira shi kawai."

Na ce ba zan kira ba. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce wauta ce, amma ni ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, in na shiga gidansa a ƙasa nake zama. Ya ba ni 'yarsa yana sane da cewa ba ni da takarda ko ɗaya. Yanzu ya yi mini kyauta, in ɗaga waya in ce kyautarka tana da aibu? Bakina ba zai iya ba.

Shi kuwa duk Juma'a bayan masallaci sai ya kira.

"Malam, yaya na'urar?"

"Alhamdu lillahi Baba, kamar sabuwa."

"Ba wata matsala?"

"Ko kaɗan. Allah ya saka da alheri."

Mai ɗakina tana gefe tana harara ta, tana nuna gilashin da ke hannuna.

Wata rana da hantsi na ce bari in gwada da kaina. Na lalubo wani wuri mai jerin lambobi bibbiyu, na gane na girman allo ne. Hankalin direba ya ce mini babbar lamba ita ce babban rubutu, kamar taya. Na zaɓi wadda ta fi kowace girma. Allon ya yi baƙi, sannan ya dawo da wata tambaya, na danna na amsa ban karanta ba. Rubutun da yake kashin ƙuda ya koma ƙura. Yanzu ko jerin lambobin ba na iya gani balle in mayar. Na kashe ta na rufe da bargonta na fita yawo.

Ranar jarrabawa tana ta matsowa. Ran Asabar da safe na fito na tarar mai ɗakina tana saka kwamfutar a but ɗin mota.

"Ina za ki kai ta?"

"Birmingham. Baba ya ce a zo da ita."

"Me kika faɗa masa?"

"Cewa na yi fankarta tana ƙara."

"Ai ba ta ƙara."

"To ka je ka faɗa masa 'yarsa ta yi ƙarya."

Haka muka kama hanya, ni da ita da kwamfuta. Muka biya Sparkbrook ta sayi nama da kayan miya a Stratford Road don kada mu shiga hannu rabbana, sannan muka wuce Perry Barr. Na durƙusa na gaishe da Baba da Hajiya, matan suka shige kicin, Baba ya ce in ɗauko na'urar in biyo shi ɗakin baya inda yake aikinsa.

Ya haɗa wayoyi ya kunna. Ya kara kunne a jikinta ya saurari fankar, ba ta ce komai ba, shi ma bai ce komai ba. Sai ya dubi allon, ya gyara tabarau, ya matso.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ni ne Baba, hannu ne ya kuskure."

"Ba laifi. Wannan lambar yawan ɗigogin da allon yake nunawa ce. In ɗigon ya yi yawa, kowane ɗaya sai ya ƙanƙance, rubutu ma ya ƙanƙance. Babbar lamba, ƙaramin rubutu."

Ya mayar da ita yadda take tun farko. Ya ce in tashi daga ƙasa in hau kujera, na ɗosana a bakinta kamar mai jiran a kore shi.

"Kana gani yanzu?"

"Ina gani Baba."

Ba na gani. Ya buɗe wani abu ya canza, rubutun ya ɗan ƙaru.

"Yanzu fa?"

"Ya yi kyau Baba."

Sai ya mayar da shi ƙarami, ƙasa da na farko ma.

"Wannan fa?"

"Shi ma ya yi kyau."

Na ji ya ja numfashi ta hanci, irin na wanda yake danne dariya. Abu mafi sauƙi shi ne ya nuna layi ya ce in karanta masa. Bai yi ba, kuma na san dalili. Ya san karatuna, ba zai sa ni haɗa baƙin Turanci da ƙarfi a gabansa ba. Ni ba zan ce ba na gani ba, shi ba zai gwada ni ba. Muka zauna, manyan mutane biyu, muna kallon ƙura a gilashi. Daga kicin ina jin ƙamshin albasa da dariyar mai ɗakina da uwarta.

Can sai Baba ya cire tabaransa, ya ninke, ya zura a aljihun riga.

Ya ce, "Malam, tabaran nan sun dame ni, sun matse mini kunne. Kuma in babu su ni ba na ganin komai. Matso nan ka zauna a gabanta, ka ƙara mini girman rubutun nan in gani. Zan faɗa maka inda za ka taɓa."

Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya koma bayana ya tsaya. Wannan kam aiki ne aka sa ni, ba ƙorafi nake kawowa ba, sai na ji hannuna ya saki. Ya ce in danna dama, in zaɓi kalma ta biyu daga sama. Wata baƙar taga ta buɗe. Ya riƙa faɗa mini haruffa ɗaya bayan ɗaya ina nema a kibod da yatsa guda, har wani fayil ya fito, 'yan layuka kaɗan ne a cikinsa. Ya sa yatsa a ƙarshen wani layi, ba tare da ya duba ba, don shi ya rubuta abinsa.

"Nan akwai goma. Goge, sa sha biyu. To adana. Rufe ka sake buɗewa."

Na yi. Rubutun ya ɗan yi ƙiba.

"Baba ya yi?"

"Ina! Ban ga komai ba. Ƙara."

Na sa sha huɗu. Na fara rarrabe haruffa, amma har yanzu wuyana a miƙe yake kamar na zakara.

"Ƙara dai. Tsufa ba wasa ba."

Na sa sha shida. Na ga kalma ta fito sarai, na karanta ta a zuci ba tare da na yi niyya ba.

"Saura kaɗan," in ji Baba.

Da na sa sha takwas sai na ji bayana ya taɓa jikin kujera. Ban san lokacin da na jingina ba. Ina zaune kamar mutum, ina karanta layi daga farko har ƙarshe.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na gani."

A cikin baƙar tagar nan ina hango inuwarsa. Ba allon yake kallo ba, ƙeyata yake kallo.

Sai murna ta ɗebe ni. Na ce a raina tunda ƙaramar lamba ce babban rubutu, bari in ƙara wa Baba alheri. Na koma jerin lambobin nan na allo, yanzu ina ganinsu, na zaɓi ta can ƙasa. Kai! Komai ya kumbura. Kibiyar maus ta zama kamar ludayi, kalma uku ta cika allon, wurin da ake dannawa a koma baya ya faɗa can ƙasa inda ba a ganinsa. Baba ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya har yana dafa bango. Ban taɓa jin dariyarsa haka ba. Hajiya ta leƙo da muciya a hannu.

"Alhaji lafiya?"

"Lafiya lau. Malam ne ya mayar da ni makaho gaba ɗaya. Wannan ai daga Manchester ma zan karanta."

Ni ma na yi dariyar, kaina a ƙasa. Ya ce in cire hannu in jira, in ba a amsa mata ba da kanta take komawa. Haka kuwa aka yi. Ya ce lambar allo a bar ta inda masu ƙera shi suka so, rubutu kawai ake taɓawa. Ya nuna mini kuma yadda zan riƙe maɓalli ɗaya in danna alamar tarawa, shafin intanet ya ƙaru, ya sa na maimaita har hannuna ya riƙe. Da aka kawo abinci ya ɗauki nasa ya fita falo ya bar mini ɗakin. Na ci tuwo na ƙoshi a gaban kwamfutata.

A hanyar dawowa mai ɗakina ta ce, "Yaya fankar?"

Na ce, "Ta daina ƙara."

Kwanakin da suka rage na zauna na bi tambayoyin nan kaf, da safe bayan ta fita, da shayina a gefe. Ashe yawancinsu na san amsarsu, titunan nan na taka su da ƙafa shekara da shekaru. Ganinsu ne kawai ban yi ba.

Ranar jarrabawa aka shigar da mu wani ɗaki, kowa da kwamfutarsa. Na zauna na duba, sai ga kashin ƙudan nan ya biyo ni har nan. Na kusa miƙa wuya. Sai na dubi matar da ke lura da mu, wata baturiya mai furfura da katin aiki a wuya. Wannan ba surukata ba ce, ban auri 'yarta ba, ba ta taɓa ba ni komai ba. Na ɗaga hannu na ce mata da Turancina na direba rubutun ya yi mini ƙanana, zan iya ƙarawa? Ta ce in ƙara mana, ta tsaya za ta nuna mini, kafin ta sunkuyo na riga na danna. Na jingina na fara.

Na ci. Da na fito na tsaya a bakin titi, ana yayyafi, na kira Birmingham.

"Baba, an samu."

"Madalla, madalla. Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Sai ka zo ka kai ni masallaci, amma fa ba zan biya ba."

Na ce, "Allah ya ƙara girma," na sa wayar a aljihu, na tafi neman bas.