Kwikwiyon Mas'uda da Igiyar Awaki

Mas'uda Malami tana da shekara sittin da uku. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, tana zaune ita kaɗai a gefen garin Jabo da awaki bakwai. Bara ɓarayi suka kwance mata biyu. Shi ya sa a farkon daminar bana ta hau babur zuwa Dogon Daji, ta dawo da ɗan kwikwiyo a cikin kwando. Ta sa masa suna Ƙyale Su.

Kwikwiyon ya fara da takalminta, ya koma kan tabarma. Da ya kai wata huɗu da haihuwa sai ya gano igiyar turke. Da damina kowa a Jabo yana ɗaure dabbobinsa saboda shuka. Wata Talata da hantsi ya tauna igiya uku har suka tsinke, awaki suka faɗa gonar maƙwabcinta Ɗangiwa, suka cinye masa gero kunya shida.

Mas'uda ba ta musa ba. Ta ciro gero daga gonarta, ta yi kwana biyu tana dashe a tasa. Duk da haka Ɗangiwa ya kai ƙara wurin mai unguwa Rufa'i, ya ce a raba ta da karen.

"Inna, wanda ya ci igiya yau, gobe akuya za shi ci," in ji Ɗangiwa.

"Kai da kake fidda haƙora, har gefen ƙwaryar uwarka ka tauna," ta ce. "Ni na gani da idona. Wa ya ce a kai ka daji?"

Mutanen da ke zaure suka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Ya ba ta kwana goma: in karen ya sake taɓa igiya, ya bar garin.

"Ranka ya daɗe, wanga kare ba ya zuwa ko'ina," ta ce, ta ɗauki takalminta mai huda ta fita.

Ba ta doki karen ba, ba ta kuma ɗaure masa baki kamar yadda aka ba ta shawara ba. Ta ce dasashi ke masa ƙaiƙayi, dole ya samu abin taunawa. Ta dafa ɓawon maɗaci har ruwan ya yi ja, ta jiƙa igiyoyinta a ciki ta shanya. Ta karɓo ƙofaton saniya wurin mahauci. Duk sanda ya nufi turke sai ta tsawata masa, ta miƙa masa ƙofaton. Ruwan sama ya wanke ɗacin sau biyu, sau biyu ta sake dafawa.

Ran kwana na goma ba ta jira a kira ta ba. Ta zo ƙofar mai unguwa da karen, ta ajiye igiya a gabansa, ƙofato a gefe. Karen ya sansana igiyar, ya yi atishawa, ya kwanta da ƙofaton.

Ɗangiwa ya ce ɗaci ne kawai ya hana shi.

"To mi ka so ya hana shi, wa'azi?" ta ce.

Mai unguwa ya ce karen ya zauna. Ɗangiwa bai gaishe ta ba tun ranar.

Shekaranjiya aka ga maraƙin Ɗangiwa yana tauna igiyarsa, kusa da gonar wakenta. Jiya da safe Mas'uda ta jiƙa sabuwar igiya a ruwan maɗaci, ta rataya wa Ɗangiwa a kan dangarsa, ta wuce da karenta.