Gishirin Yaya

Malama Uhum ba ta taɓa shan kaye a gardama ba sai a kicin ɗin yayarta. Likita ya hana Yaya gishiri saboda hawan jini, amma ga ta tana barbaɗa shi a tukunya kamar mai shuka. Malama ta jawo kujera, ta sassauta murya.

"Yaya, daga ɗaya zuwa goma, nawa kike son rage gishirin nan?"

"Sha ɗaya nake son ki fice mini daga kicin. Ni na goya ki, yau ni za ki yi wa aikin asibiti?"

Ta fita sumui-sumui.

Ɗalibai ne suka laƙa mata sunan Uhum. Masaniyar halayyar ɗan'adam ce, shekara talatin tana zama da mashaya a wani ɗan ofis mai kujeru biyu da kwalin tishu. Ba faɗa, ba wa'azi, sai "uhum" da tambaya, har mutum ya ji dalilin dainawa daga bakinsa. Ta koyar da dabarar a jami'a, ta naɗi ɗaruruwan hirarraki tana ƙirga sau nawa ma'aikaci ya katse majinyaci. Kuma abin yana ci, ba a rage mata ba.

Amma gwanin rawa ma yana faɗuwa. Shekara huɗu tana ganin kwalin maganin Yaya a kan firij yana tara ƙura, tana jiran Yaya ta faɗa da bakinta cewa za ta sha. Wata safiya ludayi ya suɓuce wa Yaya, ɓarin jikinta ya shanye.

Abin da ke cin Malama, ta san dabarar ba ta hana mutum faɗin damuwarsa ba. Ita da kanta take koya wa ɗalibai haka. Bakin Yaya take tsoro, sai ta laɓe a bayan ilimi.

Ta ɗauko Yaya ta dawo da ita gidanta. Hannu ya mutu, harshe kuwa yana nan da kaifinsa. Ranar farko da aka kawo ƙwayar magani, Yaya ta kau da kai.

"Ba zan sha ba. To, 'yar boko, yau kuma daga ɗaya zuwa nawa?"

Malama ta durƙusa gaban keken guragun da Yaya take zaune a kai, da kofin ruwa a hannunta.

"Yau babu lissafi, Yaya. Ke kaɗai kika rage mini, kuma tsoro nake ji. Buɗe baki."

Yaya ta harare ta, ta buɗe.